Kafso Biyu-Biyu da Ƙafar Safiya

Zuwa ga Alhaji mai kemis na bakin layinmu, nan Azare.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, na rubuto a fili ne saboda sau biyu maigidana yana zuwa wurinka, kana sallamarsa da ban haƙuri. Ni ce mahaifiyar Safiya, 'yar shekara shida. Ganau ce ni, ba jiyau ba, kuma raina a ɓace yake.

Na ɗaya. Shekara da shekaru, duk yaron da maruru ya fito wa a layin nan, kafso biyu kake bayarwa: ɗaya a haɗiye, ɗaya a ɓare a barbaɗa garin a kan ƙurjin. Ba ka taɓa cewa a sha na kwana kaza ba. Mu ma da laifinmu, mun ga farar riga mun ɗauka likita ne.

Na biyu. Da daminar bana maruru ya fito wa Safiya a gwiwa. Muka yi yadda ka koya mana har sau huɗu. Ƙafa ta kumbura suntum, zazzaɓi ya kwantar da ita. A asibiti aka ɗebi mugunyar aka kai Kano gwaji. Likita ta ce ƙwayar cuta ce da ake kira sitaf, ta kai ga ƙashi, kuma magungunan da aka saba ba sa kashe ta, don an yi ta ɗanɗana mata su kaɗan-kaɗan har ta daina jin su. Sai da aka yi wa yarinyar aiki. Wadda ke tsere da yayyenta, yau jan ƙafa take yi.

Na uku, wanda ya fi tayar mini da hankali. Likita ta ce yaro lafiyayye ma yana yawo da ƙwayar a hancinsa da fatarsa, ya shafa wa wanda suke kwana tabarma ɗaya ko wanka da soso ɗaya. 'Ya'yanmu na raba ta a tsakaninsu ke nan. Duk an gaya maka wannan, Alhaji, amma jiya da idona na ga kana ɓare wa maƙwabciyata kafso.

Roƙona: ka daina sayar da kafso biyu-biyu, wanda ya zo da ƙurji ka tura shi asibiti, ka kuma faɗa wa iyaye da bakinka cewa barbaɗawar nan kuskure ce. Kai suke ji, ba ni ba.

Ƙanin Safiya watansa huɗu. Shekaranjiya ƙurji ya fito masa a bayan kunne. Gobe zan goya shi zuwa asibiti, ban san ko ka bar mana maganin da zai yi masa aiki ba.

Allah ya ganar da kai, ya kare naka 'ya'yan daga abin da na gani.

Wassalam.

Mahaifiyar Safiya