Rufin Ɗakin Inna

Yasore, ƙaramar hukumar Batsari.

Zuwa ga Yayana Haliru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Mahfuza da yara can Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ku a baƙon wuri. Mu nan kowa lafiya, sai ƙafar Inna da ke motsa mata jifa-jifa. An gama sharar gona, an fara shuka.

Yaya, kwantar da hankalinka, an rufe ɗakin Inna, amma sai da aka sha fama. Ka san guguwar bara ta kwashe rufin, kuma Inna ta rantse ba za ta sake yin damina a ɗakina ba, wai tsohuwa ba ta kwana gidan suruki. Da saƙonka ya iso, ƙanenka Kamalu ya ce ba sai an kira kafinta ba, shi da abokansa sun isa. Ya ɗauko igiya ya auna tsawo da faɗi, ya ƙulla alama, ya bi motar ranar kasuwa zuwa Batsari, mai shago ya ƙirga masa kwano daidai igiyar.

Ashe gwanin naka daga cikin ɗaki ya yi awon. Ya manta kaurin ginin ƙasa irin na Baba, ya manta kwano hawan juna yake yi, balle bakin da ake bari ya zubar da ruwa nesa da bango. Ranar aiki maƙwabta suka taru, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na dama musu fura, ana ta buga ƙusa ana raha. Sai kwano ya ƙare, ga sama a buɗe daidai kan gadon Inna, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas.

Kunya ta kama Kamalu, ya tada babur wai zai koma Batsari ya ciko, alhali la'asar ta wuce. Ka san halin da hanyarmu take ciki, ko da hantsi sai an haɗu da yawa ake bin ta. Kawu Ya'u ya yi magana bai ji ba, sai da Inna ta dogaro sandarta ta tsaya gaban babur ɗin.

Ta ce, "Sauko. Kwano ana sayen shi a kasuwa, ɗa fa?"

Daga nan ta sa aka ciro tsofaffin kwanon zauren Baba, zauren da tun rasuwarsa ba ta bari a taɓa ko ƙusarsa ba. Kawu ya toshe hujojin da kwalta, aka cike gurbin kafin magariba. Rufin kam ba kyan gani, fari fes sai jan tsatsa a gefe guda, amma shekaranjiya an tafka ruwa, ko ɗigo bai shiga ba. Da na shiga duba ta, na tarar ta tada kai tana saurare. Ta ce sabon kwanon surutu gare shi, na Malam, wato Baba, shi ne ta gane muryarsa. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

Ka gaida Anti Mahfuza da Mubarak da 'yar auta Saude. Inna tana sa maka albarka, Kawu Ya'u yana gaisuwa. Kamalu ma haka, yana roƙon kada ka tada zancen igiya a waya.

Taka ƙanwa,
Bushira