Kanwar da Dada Ta Ƙulle Miki

Kwandiko, Gwaram
9 ga Satumba, 2024

Zuwa ga Yaya Ummussalma,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam Iliyasu da yara a can Fatakwal. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sauke ki lafiya a wata mai kamawa. Mutanen Kiyako duk kalau suke, gero ya fara nuna, ciwon gwiwar Baba ma ya lafa. Na so in kira ki, amma na san kuka zai hana ni kai maganar ƙarshe, shi ya sa na rubuta.

Yau wata biyu da kwana shida da fara aikina a ƙaramin asibitin nan, mu biyu ne kacal. Ranar 26 ga Agusta aka kawo mini wata mai jego, Barira, kwana goma sha tara da haihuwa, ƙafafunta a kumbure. Na auna jininta sau biyu, ya hau har 160 bisa 100. Na ba ta magani, na ce wa surukarta, Inna Kulu, a janye mata gishiri, su dawo bayan mako. Na cike takardarta layi-layi, ban tsallake ko ɗaya ba, har ina jin na yi aiki.

Kwana biyar aka dawo da ita a kan babur, an sa ta a tsakiya an riƙe. Yaya, ban taɓa ganin mutum yana kokawa da numfashi haka ba. Ba ta iya kwanciya, leɓenta ya canja launi. Na tambayi Inna Kulu ko an bi abin da na ce. Ta rantse ko ƙwayar gishiri ba ta shiga bakin yarinyar ba, har magi ta hana. Sai dai da ta ga abincin ya yi lami ba ta ci, ta ninka mata kunun kanwa, safe da rana da yamma, don ta sami ƙarfi da ruwan nono, ga wankan jego da tafasasshen ruwa sau biyu kullum. Ta faɗa tana kallona, tana jiran in yaba mata.

Kanwa tana tara ruwa a jiki kamar yadda gishiri yake yi. An koya mana wannan a shekara ta biyu, ya fito a jarrabawa, na kuma ci. Amma takardar da muke cikewa ba ta tambayi me mai jego take sha a gida ba, ni ma ban tambaya ba, ni da na tashi ina lasar ludayin kunun nan a ɗakin Gwaggo Hapsatu. Muka kai ta Birnin Kudu. Likita ya ce zuciyarta ce ta raunana. Ba zai ce kanwa kaɗai ce sila ba, amma ta ƙara wa Borno dawaki. Tana can har yau, ta fara kwanciya da matashi uku. Inna Kulu kuwa wata uku ta yi tana tara itacen wankan nan da hannunta. Ta ina zan fara ganin laifinta?

Ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Asabar na je gida, na tarar Dada ta gama haɗa kayan zuwa wankanki, ta nuna mini jar kanwa mudu guda a ƙulle a ƙasan jaka. Na ba ta labarin Barira kaf. Ta yi dariya, ta ce mu bakwai ta haifa da kunun nan, ko takardar tawa ce ta shayar da ni? Ke kuma kin gaya mini jininki ya hau a awo biyu na baya.

Dada za ta taso ranar 20. Ban ce ki hana ta wanka ba, kada ta ga an raina ta. A dai sirka ruwan. Amma ki tafi da ita awo, ki tambayi likitanki maganar kanwa a gabanta. Ni a wurinta auta ce har gobe, shi kuwa za ta ji tasa. Rigakafi ya fi magani, ni na makara a kan Barira, kada in makara a kanki.

Ki gaishe mini da Malam Iliyasu, da Khuzaima, da Muslim sarkin ƙiriniya, da maƙwabciyarki Veronica. Ki sa Barira a addu'a, kuma don Allah ki amsa mini kafin Dada ta hau mota.

Ƙanwarki,
Nasiha