Kada Ka Sayar da Gonar Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin Inna? Ina matarka da yara?

Ni lafiya lau. Har yanzu ina gidan buga takardun nan. Zaɓe ya matso a nan ƙasar wajen da nake, don haka a tsaye muke wuni. Ƙafafuna suna ɗan kumbura, amma ba komai, kada ka gaya wa Inna.

Shekaranjiya wata malamar makaranta ta zo buga fosta, takara take yi a ƙaramar jam'iyya. Na ce, "Wa ya ɗauki nauyinki?" Ta ce, "Baitulmali. Gwamnati tana ba kowace jam'iyya kasonta, bayan zaɓe mu faɗi inda muka kashe." Na ce, "Ba ki sayar da komai naki ba?" Ta dube ni kamar ba ta gane tambayar ba.

Yaya, sai da na zagaya bayan inji na yi kuka. Na tuna motarka ta haya da takarar bara ta cinye, da yadda attajirin nan da kuka kara da shi ya saye layin masu zaɓe a kan idonka.

Inna ta ce yanzu gonar Baba ka sa a kasuwa, za ka sake tsayawa. Na san ka fi masu kuɗin nan gaskiya, amma aljihunka ba zai ja da nasu ba. Don Allah ka bar gonar. Ita kaɗai ta rage da zan dawo in tarar.

Allah ya kare mana kai.

Ƙanwarka.