Gyaran da Aka Yi da Sunana

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yar jaririyarmu. Yaya ƙarfin jiki? Yaya Mama da gwiwarta? Allah ya ƙara sauƙi. Kin san halina, abin da ya cika mini ciki ba ya fita ta waya, sai na zauna da biro.

Aiki ya sa ni gaba. Manhajar nan da na rubuta ta yi wa ɗalibai rajista ta intanet, saura kwana goma a buɗe ta. Kafin nan dole a gwada ko za ta ɗauki cunkoso, sai mu sa kwamfuta ta ƙirƙiri mutanen ƙarya dubu biyar ta turo mata a lokaci guda. Ɗari ɗaya suna shiga lafiya, ɗari biyu ma haka. Da an kai ɗari uku sai allo ya yi jawur, kuskure mai lamba 503 layi bayan layi kamar jerin tururuwa.

Manaja ya ce aikina ne bai nuna ba. Ni kuma na zargi furoksi, wato saba, kwamfutar da ke tsaye a bakin ƙofa kamar mai gadi, kowa sai ya bi ta kanta kafin ya isa manhajata. Mijinki ne ke kula da ita. Na je teburinsa, ya yi dariyar nan tasa ya ce mai gadinsa lafiyarsa ƙalau, in koma in duba girkina. Na koma. In ban yarda da shi ba a ofishin nan, da wa zan yarda? Shi ya kai takarduna aka ɗauke ni, shi ya nuna mini har inda ake ɓoye makullin banɗaki mai kyau.

Kwana huɗu ke nan ina bin rubutuna layi-layi har idona na ruwa. Ƙarshen wata za a ce an tabbatar da ni ko an sallame ni. Ki sa ni a addu'a, ki shafa mini kan jaririya.

Taki har kullum,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ki zauna kafin ki karanta wannan.

Jiya da safe na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na kewaye furoksi, na turo dubu biyar ɗin kai tsaye cikin manhajata. Ko gezau ba ta yi ba. Na maimaita sau uku, sau uku allo kore shar. Sai na buɗe fayil ɗin da ke tsara furoksi, na ga an ƙayyade mata mutum ɗari uku a lokaci guda, sauran ta koro su. Tsarin tsohuwar ƙaramar saba ne wani ya kwafo ya ɗora wa sabuwar bai duba ba. Kuskure ne da kowa zai iya yi, gyaransa layi ɗaya.

Amma a wurinmu duk wanda ya taɓa fayil, sunansa da lokacin na shiga tarihin fayil ɗin. Na duba, Yaya, sunana na gani. Talata, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safe. Kin san inda nake a lokacin, kina matse mini yatsu a ɗakin haihuwa kina kiran Mama. Da safen ranar ne mijinki ya ce in ba shi kalmar sirrina, ya ce tasa ta kulle, kuma in an ga sunana na motsi ba za a lura na fita ba. Na ba shi a bakin asibiti ina ta masa godiya.

Kuskuren bai ƙona mini rai ba kamar abin da na gani a ƙasansa. Sau uku ya buɗe fayil ɗin a makon nan da sunansa, ya duba ya rufe. Ashe mai ɗaki ya san inda ke masa yoyo. Yana kallona kwana huɗu ina neman laifin da ba nawa ba, har shayi yake aje mini a kan tebur.

Na tare shi a matakala. Bai musa ba. Ya ce ni sabuwa ce, za a yi mini uzuri, shi kuwa an taɓa yi masa gargaɗi, ga iyali. Ya ce in yi shiru. Daga baya na ji ya riga ya nuna wa manaja sunana a tarihin.

Jibi za a yi taro. Katin asibitinki na da sa hannuna a matsayin mai rakiya, da rana da lokaci. Don Allah ki aiko mini da shi. Ba na son a kore shi, ina son kawai kada a ce ni ce.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Na samu takardarki, na karanta har sau biyu. Kin ce katin ya ɓata, kin ce in yi haƙuri, komai mai wucewa ne.

An yi taron. Na jona kwamfutata da babban allo, na nuna musu gwaji ta furoksi, ja. Na nuna kai tsaye, kore. Na gyara layin a gabansu na sake turo dubu biyar, duk suka shige ba wanda aka koro. Wani ya fara tafi ya ga shi kaɗai ne ya daina.

Manaja ya tambaya wa ya ɗora wancan tsarin. Na kalli mijinki, shi kuma yana kallon wayarsa. Na tuna 'yar da ko wata ɗaya ba ta yi ba. Na ce sunan da ke rubuce nawa ne, ban ƙara ko kalma ba. Bayan azahar aka ba ni takardar sallama. Mijinki ne ya taya ni ɗaukar kwalina har bakin titi, yana cewa zai nemo mini wani wurin.

An buɗe manhajar, an ce ɗalibai na ta rajista lami lafiya, shi ake yaba wa. Wannan na haɗiye. Shi dai suruki ne, jiya-jiya na san shi. Ke kuwa a bayanki na girma, shi ya sa taki ta fi zafi, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Ga hular da na saƙa wa jaririya a cikin ambulan ɗin. Katin kuma kada ki wahalar da kanki da nema. Yana cikin gwangwanin takardun Mama, ƙarƙashin katin rigakafi. Ni na sa shi a wurin da hannuna ranar da aka sallamo ku, kina kallo.

Allah ya raya ta.

Ƙanwarki dai,
Auta