Sun Ce Na Yi Laɓe da Hedfon a Kunnena

Anti Fati, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Laraba. Ranar za a yi wa mahaifina aiki a asibiti, kuma manyan gidanmu sun haɗa baki a kan kada in kasance a Bauchi. Ni kuwa na ce babu inda za ni.

Bari in fara da na'urar, tunda ita aka ɗora wa laifi, kuma ina so ki fahimce ta daidai. Bara na gama jami'a, aikin jarida na karanta. Yanzu ina yi wa wani ƙaramin situdiyo a Fadaman Mada aikin tace murya. A ɗauko hira, ni in cire tari da ƙarar janareto da kukan awaki, in daidaita sauti. Yawanci a gida nake yi. Mai situdiyon, Oga Irmiya, shi ya ba ni aron babban hedfon irin wanda ake kira mai buɗaɗɗen baya. Wato bayan kowane kunne ba a rufe yake ba, raga ce ta ƙarfe, har ana hango lasifikar da ke ciki. Saboda haka sauti ba ya cushewa a tsakiyar kai kamar na iyafis, ƙananan nan da ake cusawa a cikin kunne. Sai ki ji kamar mutanen suna zaune a gabanki, ki san na dama, ki san na hagu, har numfashin da mutum ke ja kafin ya faɗi magana mai nauyi. Ga iska tana shiga, ga matashinsa da laushi kamar karammiski. Ina wuni da shi ko a tsakiyar bazara, kunnena bai yi gumi ba, kaina bai yi ciwo ba. Illarsa ɗaya ce, kuma duk wanda ya san shi ya san ta: ba ya tare komai. Abin da nake saurare yana ɗan fita waje, abin da ake faɗa a waje kuma yana shigo mini sarai.

Gidanmu babban gida ne a Ƙofar Ran. Idan babu wuta ɗakinmu ba ya zaunuwa, sai in fito barandar Umma da kwamfuta. Tun makon farko aka sa mini suna Kurma. Na yi musu bayani, Anti, wallahi na yi, har sau biyu. Na nuna wa Gwaggo Habibatu, ƙanwar Baba, ragar da ke jiki, na ce ina jin duk abin da ake faɗa. Ta yi dariya ta ce wa zai ji magana da faifai biyu a kunne. Aka yi ta dariya, aka wuce. Ni ake ce wa kurma, amma ni ce ba a saurara ba.

To, wata rana da hantsi ina kan aiki, Gwaggo tana tsinke zogale a kan tabarma, sai Bappa Ɗanlarai, wan Baba, ya shigo ya zauna kusa da ita. Tsakanina da su bai fi tsawon tabarmar ba. Ya ce likita ya tabbatar ƙari ne a hanjin Baba, kuma an sa ranar aiki. Sai ya ɗan rage murya ya ce a yi a hankali, ga yarinyar nan. Gwaggo ta ce, “Rabu da ita, Kurma ce, ko ganga ka buga.” A nan suka shirya cewa Yaya Yasmin da ke aure a Gombe za ta kira ni ta ce tana bukatar mai taya ta kula da yara, in tafi sai an gama komai. Dalilinsu wai zuciyata ba ta ɗaukar abu.

Ba zan musa ba, ni mai yawan fargaba ce. Lokacin jarrabawar ƙarshe sai da aka kai ni asibitin makaranta saboda bugun zuciya. Idan na kulle ƙofa sai na koma na taɓa. Amma duk da haka na zauna jarrabawar, na kuma ci. Wannan ɓangaren babu mai tunawa.

A ranar ban nuna musu na ji ba. Kwanakin da suka biyo baya ma na yi shiru, ana ta maganar a gabana, har sunan maganin da aka ba Baba na ji, na je na karanta a kansa. Sai ga kiran Yaya kamar yadda aka tsara, har da cewa ƙaraminta ba ya jin daɗi. Abin ya ƙona mini rai. Da yamma ana cin abinci a tsakar gida, kowa yana nan, na ce ba zan je Gombe ba, na san Laraba za a yi wa Baba aiki, kuma ni zan bi shi. Ashe ƙannena ma ba su sani ba. Autarmu ta fashe da kuka. Gwaggo ta ce laɓe na yi, wai abin da bokon ya koya mini ke nan, in rufe kunne da ƙarya ina naɗar sirrin manya. Bappa ya ce in nemi gafara, in mayar wa mai shi kayansa, in shirya jakata. Baba ya tashi ya shige ɗaki. Tun ranar gaisuwa kaɗai yake amsa mini. Daga baya Umma ta gaya mini shi da kansa ya ce a ɓoye mini.

Anti, laɓe a bayan ƙofa ake yi. Ni a fili nake zaune, kuma na faɗa musu gaskiyar abin tun farko. Ba zan nemi gafarar ina da kunne ba, ba zan mayar da kayan aikina ba, kuma ba zan zauna a Gombe ina goyon yara ana yanka mahaifina ba. Amma shirun Baba yana hana ni cin abinci. Yaya zan yi in kasance tare da shi ba tare da na saɓa masa ba?

Kurmar Ƙofar Ran

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a.

Na tambayi wani ma'aikacin sauti a nan wurinmu, ya ce duk abin da kika faɗa game da wannan hedfon haka yake. Don haka ki kwantar da hankalinki a kan wannan. Ranar farko ba laɓe kika yi ba, magana ce ta same ki a inda kike zaune. Babu dalilin mayar da kayan aikinki, kuma ban ga abin neman gafara a nan ba.

Amma bayan ranar farko fa? Kin san sun ɗauka ba kya ji, kika bar su a haka kina tara bayani. Ba na kiran wannan mugunta, tsoro ne, sai dai shi ya ba Gwaggo abin kamawa. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne wurin da kika zaɓa kika yi magana. Ciwon na Baba ne, labarin ma nasa ne. Shi ke da ikon zaɓar ranar da zai gaya wa autarsa, kika karɓe masa a gaban kwanon tuwo. Ina jin shirunsa daga nan ya fito. Kuma ki tuna, mutumin da za a shiga da shi ɗakin aiki shi ma yana da nasa tsoron. Wataƙila ba raina ki ya yi ba, fuskarki ce ba ya so ya gani a cikin tashin hankali, don kada nasa ƙarfin halin ya karye.

Su ma manyan sun yi kuskure. Ba a shirya wa mace baliga mai digiri ƙarya har da ciwon yaro don a kawar da ita. Mai fargaba, abin da ba ta sani ba ya fi cin ta a kan abin da ta sani. Amma wannan shari'ar ki ajiye ta sai Baba ya warke.

Ga abin da za ki yi yau, ba gobe ba. Ki bar Gwaggo da Bappa, ki gaishe su kamar kullum, kada ki sake ja da su. Ki roƙi Umma ta shigar da ke wurin Baba, ku uku kawai. Ki nemi gafararsa a kan abu ɗaya, tona maganarsa a gaban yara, kuma ki yi da gaske. Kada ki kawo zancen raga ko lasifika, ya riga ya san kin ji. Sannan kada ki ce dole, ki roƙi aiki. Ke mai kiyaye abu daki-daki ce, ki ce ya bar miki kula da lokutan magani da riƙe abin da likita zai faɗa, domin a irin ranar kan kowa ɗaukar zafi yake yi. Uba ya fi saurin karɓar mai taimako a kan mai zuwa kuka.

Idan ya yarda, alhamdulillahi. Ki ci abinci, ki gaya wa Umma abin da za ta yi idan bugun zuciyar ya taso, don kada a koma jinyar mutum biyu. Idan ya ce ba ya son ki a asibiti, ki roƙe shi ya bar ki a gida tare da ƙannenki, tunda yanzu sun sani kuma suna bukatar babba a kusa. Wannan ma tsayawa ce, kuma Gombe ta fita daga zance. Amma ƙofar asibiti kada ki tura ta da ƙarfi. Kina da gaskiya a abubuwa da yawa, 'yata, sai dai Laraba ba ranarki ba ce, ranarsa ce.

Allah ya tashi kafaɗunsa, ya sanyaya zuciyarki, ya haɗa kan gidanku.

Anti Fati