Matata ta tona sirrin abokina soja

Assalamu alaikum, Admin da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku zage ni.

Ni soja ne, kofur, iyalina suna unguwar Arawa a nan Gombe. Ina da aboki a bataliyarmu, zan kira shi Bulus, ba sunansa ba ne. Ranar da aka harbe ni a cinya a dajin Borno, shi ya goya ni har inda motarmu take, harsashi na wucewa ta kanmu. Bayan na warke ya faɗa mini abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba: shi maza yake so, bai taɓa jin sha'awar mace ba. Raina bai so ba, addinina bai yarda ba, amma na rantse masa maganar ta mutu a wurina.

Matata kuwa ta dage sai ta haɗa shi da wata ƙawarta 'yar cocinsu, malamar makaranta. Kullum maganar kenan. Da na gaji, na ce ta bari, na faɗa mata dalili. Ta dafa kan ɗanmu ta ce ba mai ji. Ashe a satin ta kai wa yayanta, wanda saje ne a barikinmu. Yanzu an karɓe bindigar Bulus, an kafa kwamitin bincike, kuma ni ne shaida na farko.

Na tambaye ta me Bulus ya yi mata. Ta ce, "Baban Amir, mutumin da yake ɗaukar ɗana zan rufa wa asiri? Kai ma ai ba ka riƙe ba." Wa zan fi jin haushi, ita ko ni? Wa zan ƙara yarda da shi, in matar da nake kwana da ita ta yi mini haka?

Jiya na haɗu da Bulus a bakin get. Ya ce, "Ina kwana, Kofur," ya wuce. Shi da bai taɓa kirana da muƙami ba.

Ban san ko ya dace irinsa su sa kaki ba, ku yi wannan gardamar. Na dai san bai taɓa gudu ya bar kowa ba. Litinin za a miƙo mini Alƙur'ani. In na faɗi gaskiya, kora ko kurkuku ke jiran Bulus. In na musa, na yi rantsuwar ƙarya. Me zan yi?