Dutsen da Aka Sa wa Sunan Inna

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, albishirinki! Kin tuna dutsen nan da na hango da madubin hangen nesa na ma'aikatarmu, yana kewaya rana tsakanin duniyar Mas da Jufita? An daɗe ana bin sawunsa, yanzu an tabbatar da hanyarsa. A ƙa'idar aikinmu wanda ya gano shi ke raɗa suna, ni kuwa na ba kwamiti sunan Inna, sun amince. Ki karanta mata wannan, ki faɗa mini yadda ta yi.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Goron albishir dai babu. Na karanta mata tana ninke kaya, sai ta ajiye zanen ta ce, "Ke, ina kika taɓa ganin sunan mutum a jikin dutse in ba a maƙabarta ba?" Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Tun ranar cokali biyu take kaiwa baki ta ture kwano. Don Allah ka sa a cire.

Autarku.

*

Auta,

Kai, Inna da rigima! Ki kwantar mata da hankali. Dutsen ba zai faɗo ba, ba zai ma kusanto mu ba. Hanyarsa ɗaya, yana zagaye har abada. Cirewa kuwa bakin alƙalami ya bushe. Sunan da kwamiti ya buga ba a janye shi, ko wanda ya raɗa ya roƙa.

Ki gaishe ta.

*

Yaya,

Ka ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba. "Har abada" ɗin nan ya gama da ita. Ta ce, "Wato ba gida, ba makwanci, sai gantali cikin duhu? Ni ɗana ya yi wa haka?" Ta raba zannuwanta, ta sa na juya gadonta ya bar kallon taga. Likita ya duba, bai ga komai ba. Wallahi tsoro nake ji.

Jiya na ce mata an cire. Ta tashi zaune ta sha shayi. In ka zo, bakinmu ya zama ɗaya.

Auta.

*

Yaya,

Ma'aikatarku ta aiko. Gobe da safe 'yan rediyo za su zo taya Inna murna. Ita ta karɓi saƙon, tana ta tambayata murnar mece ce.

Ka tsayar da su.

Auta.